Waiwaye: Yadda dokar hana auren jinsi ta zama jarin 'yan siyasa a Nijeriya

A ranar 7 ga Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya rattaba hannu kan dokar hana auren jinsi. Babu biki, babu 'yan jarida, sai da aka yi kusan mako guda kafin labarin ya fito fili. A lokacin jam'iyyar PDP tana tangal-tangal. Gwamnoninta biyar, ciki har da Kwankwaso na Kano da Wamakko na Sakkwato da Nyako na Adamawa, sun koma APC kimanin mako shida kafin nan. Obasanjo ya rubuta wa Jonathan wasiƙar nan tasa mai zafi, ga maganar kuɗin mai da gwamnan Babban Banki Sanusi Lamido Sanusi ya ce ba su shiga asusu ba, ga Boko Haram tana cin ƙauyukan Borno da Yobe. Cikin wannan hali, da wuya a nuna wani abu da shugaban ya yi da ya samu yabo daga masallaci da coci a lokaci guda kamar wannan sa hannu.

Abin da mutane da yawa suka manta shi ne, luwaɗi laifi ne a dokar Nijeriya tun kafin a haifi Jonathan. Kundin hukunta laifuka da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa, wanda Kudu ke aiki da shi har yau, ya tanadi ɗaurin shekara 14 a sashe na 214. Kundin Penal Code na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, shi ma ya tanadi shekara 14 a sashe na 284, har ya sanya namijin da ke shigar mata a bainar jama'a cikin jerin 'yan zaman banza. Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, wasu jihohi goma sha ɗaya suka bi sahu, sai hukuncin ya kai har jifa. Aure kuwa, babu wata doka, ta gwamnati ko ta addini, da ta taɓa amincewa da shi tsakanin jinsi ɗaya. Ashe ƙofar da aka zo ana ta neman kwaɗon da za a garƙame mata tun tuni a kulle take.

Ƙudirin farko ya fito ne daga majalisar zartarwa ta Obasanjo a Janairun 2006, ta hannun ministan shari'a Bayo Ojo, daidai lokacin da ƙasa ta ɗauki zafi kan batun tazarce. Bai kai labari ba har aka yi zaɓen 2007. Majalisar wakilai ta sake tayar da shi a 2009, ya sake kwanciya.

Wanda ya ba shi rai, in za a faɗi gaskiya, Bature ne. A Oktoban 2011, wajen taron ƙasashen renon Ingila a birnin Perth na Ostireliya, Firaminista David Cameron ya yi barazanar rage tallafi ga ƙasashen da ke hukunta masu neman jinsinsu. Wannan magana ta zama gaba ta kai gobarar Titi ga majalisar dattawa. Sanata Domingo Obende na Edo ne ya kawo ƙudirin, aka amince da shi ranar 29 ga Nuwamban 2011, shugaban majalisar David Mark kuma ya ce duk ƙasar da za ta janye tallafinta saboda wannan ta riƙe abinta. Daga ranar muhawara ta tashi daga kan me dokar ta ƙunsa, ta koma kan wa ke tare da Turawa, wa ke tare da mu. Ɗan majalisar da ke da ja a kan wani sashe ya san in ya buɗe baki, sunan da za a laƙaba masa a mazaɓarsa ba zai goge ba. Majalisar wakilai ta amince a Mayun 2013. A shekarar ne binciken cibiyar Pew ta Amurka ya nuna kashi 98 cikin ɗari na 'yan Nijeriya ba su yarda a karɓi luwaɗi a cikin al'umma ba. Ɗan siyasa ba ya bukatar malamin duba ya karanta masa ma'anar wannan adadi.

To me dokar ta ƙara? Shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla auren, wannan kowa ya ji. Amma akwai shekara 10 ga wanda ya halarta ko ya taimaka, da shekara 10 ga wanda ya yi rajistar ƙungiya ko ya shiga taro ko ya goyi bayansa, da wanda ya nuna alamar soyayyar jinsi a fili, kai tsaye ko a kaikaice. Wannan kalma ta "a kaikaice" ita ta fi damuna, domin a ƙasar da samari ke tafiya riƙe da hannun juna don abota kawai, ta bar wa ɗan sanda da maƙwabci mai ƙullin zuciya su yanke abin da suka gani.

Sakamakon bai ɗauki lokaci ba. Cikin Janairun 2014 a Bauchi, taron jama'a ya yi wa kotun shari'a ruwan duwatsu ana cikin zama, suna neman a miƙo musu waɗanda ake tuhuma, sai da jami'an tsaro suka yi harbi sama. A Fabrairu wasu matasa suka bi gida-gida a unguwar Gishiri ta Abuja suna fito da mutane suna duka. Wani bincike da mujallar lafiya ta Lancet HIV ta wallafa a 2015 ya gano cewa a Abuja tsoron zuwa asibiti ya ƙaru a tsakanin maza masu neman jinsinsu bayan dokar, kuma mai cutar ƙanjamau da ya daina karɓar magani ba shi kaɗai abin ke shafa ba, wani da matar aure a gida. Ni abin da ke ci mini rai shi ne, addinin da ake fakewa da shi ya fi kowa tsananta sharaɗin shaida, ya hana bin diddigin asirin mutane, ya tanadi bulala tamanin ga mai ƙazafi. Ban ji ɗan siyasa ko ɗaya ya hau mumbarin kamfe ya tuna wa jama'a wannan ɓangaren ba.

A kotu kuwa dokar ba ta taɓuka abin kirki ba. Shari'ar da aka fi sani ita ce ta mutum 47 da aka kama a wani otal a Legas a 2018. Bayan an nuna fuskokinsu a talabijin, wasu sun rasa aiki da muhalli, Mai shari'a Rilwan Aikawa ya kori ƙarar a Oktoban 2020 saboda masu gabatar da ƙara sun kasa kawo shaidu.

A fagen siyasa ne take da kasuwa. Gab da zaɓen 2015, Femi Fani-Kayode na kwamitin kamfen ɗin Jonathan ya zargi Buhari da yi wa ƙasashen Yamma alƙawarin halatta auren jinsi. APC ta ƙaryata, kuma da Buhari ya je Amurka a Yulin shekarar, kakakinsa Femi Adesina ya yi maza ya sanar da cewa shugaban ya ƙi amincewa. PDP da APC ba su da wani bambanci a nan, gasarsu ita ce wa zai riga shafa wa ɗan'uwansa kashin kaji.

Haka aka maimaita a Yulin 2024, da jaridar Daily Trust ta ba da labarin cewa yarjejeniyar Samoa da gwamnatin Tinubu ta sa wa hannu da Tarayyar Turai ta ƙunshi sharaɗin amincewa da auren jinsi a madadin dala biliyan 150. Huɗubobin Juma'a suka ɗauka, majalisar wakilai ta nemi a dakatar da aiwatarwa, minista Atiku Bagudu ya yi ta rantsuwa cewa ba haka ba ne. Ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta duba takardar ta ce babu wannan sharaɗi. Hukumar sauraron ƙorafi kan kafafen labarai ta yanke cewa labarin ba daidai ba ne, jaridar kuma ta nemi afuwa a Oktoba. Kafin nan, ma'aikatan ƙungiyoyin lafiya da na kare haƙƙin mata a Arewa sun sha zagi da barazana a soshiyal midiya, an yi ta yawo da hotunansu ana kiransu dillalan luwaɗi.