Kansar ƙashi da kumburi: amsoshi ga iyaye a Garwa da Marwa

Wace kansa ake nufi, su wa take kamawa?

Wadda ta fi yawa cikin masu farawa daga ƙashi ita ce osteosarkoma. Ta fi kama 'yan shekara 10 zuwa 20, lokacin da ƙashi ke tsawo da sauri, kuma yawanci a kusa da gwiwa take fitowa, ko a saman hannu wajen kafaɗa. Idan ta bazu, huhu ta fi nufa.

Kumburi ba alamar jiki na yaƙi da cuta ba ne?

Haka ne, idan na ɗan lokaci ne. In mutum ya ji rauni, ƙwayoyin garkuwar jiki kan aika wa juna saƙo ta sinadarai irin su TNF da IL-6, jini ya taru, wurin ya yi zafi, bayan ya warke saƙon ya tsaya. A cikin ƙari ba ya tsayawa. Tun 1863 likitan Jamus Rudolf Virchow ya danganta kansa da kumburin da ya daɗe. A 1986 aka gano wani furotin mai suna NF-kB, wanda in ya shiga cibiyar ƙwayar halitta yakan sa ta fitar da sinadaran kumburi, ya kuma hana ta mutuwa a lokacin da ya kamata ta mutu. Ƙwayoyin kansar ƙashi sukan bar shi yana aiki dare da rana. Sakamakon haka sababbin jijiyoyin jini su tsiro su ciyar da ƙarin, garkuwar jiki ta koma yi masa hidima.

Ƙashin ma bai tsira ba. Akwai ƙwayoyin da aikinsu cinye tsohon ƙashi domin a gina sabo, sinadarin RANKL ne ke tada su. Kumburi na ƙara shi, sai ƙashi ya raunana har ya iya karyewa da ɗan tuntuɓe.

Ina batun iskar oksijin ya shigo?

Yayin da ƙwayar halitta ke ƙona abinci da oksijin, wasu ɓurɓushin sinadarai masu kaifi kan fita. Kaɗan daga cikinsu na da amfani. In sun fi ƙarfin masu share su, irin su gulutatayon, sai su ci kitse da furotin da DNA, wato ma'ajiyar bayanan gado ta ƙwayar halitta, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Su ma suna tada NF-kB, kumburin da ya haifar ya ƙara yawansu, kowanne na rura ɗan'uwansa.

Ƙwayar kansa tana da waɗannan sinadarai fiye da lafiyayyiya, suna taimaka mata wajen rabuwa da sauya kama. Amma in sun wuce iyaka ita ma sai ta mutu, shi ya sa take tara masu sharewa da yawa.

To in an ba yaro zogale da zoɓo da bitamin, ba za su share su ba?

A ci zogale a miya, a sha zoɓo, abinci ne mai kyau. Amma ba sa narkar da ƙari, kuma ina roƙon iyaye kada a ba mai shan maganin kansa ƙwayoyin bitamin masu ƙarfi sai da sanin likita. Doksorubisin da sisplatin, biyu daga cikin manyan magungunan wannan ciwo, suna kashe ƙwayar kansa ta lalata mata DNA da kuma ƙara mata waɗancan sinadarai masu kaifi, don haka mai sharewa zai iya zama kariya gare ta. An ga darasi a Finlan a 1994: masu shan taba da aka ba ƙwayoyin beta-karotin, ɗaya daga cikin masu sharewar, sun fi waɗanda ba a ba su ba kamuwa da kansar huhu.

Diklofenak da ake saya a kasuwa fa?

Yana rage zafi, ƙarin kuwa na ci gaba da girma. Wannan ne ya fi damuna, domin zafin da ya lafa kan sa a jinkirta asibiti na watanni.

Yaushe za a daina cewa targaɗen ƙwallo ne?

In ciwon wuri ɗaya ya wuce 'yan makonni, yana tada yaro cikin dare, ko ƙulli ya fito yana girma. Buguwa ba ta haifar da kansar, sau da yawa ita ke sa a lura da ita. Kada a kai wa mai ɗori ya murza, kada a yi tsaga ko ƙaho. A nemi hoton ƙashi, sannan a ɗebi ɗan nama a gwada, domin ciwon sikila da ruɓar ƙashi ma kan yi kama da ita, ko da gwajin zai kai mutum Yawunde ko Njamena. Kafin shekarun 1970, da tiyata kawai, ƙasa da kashi 20 cikin 100 ke rayuwa. Yau, inda ake haɗa magani da tiyata tun ciwon bai bazu ba, kusan kashi 60 zuwa 70 na kai shekara 5, kuma ba kullum ake yanke ƙafar ba.