Waiwaye: Tafawa Ɓalewa da Tambayar Muryar Talaka

Hoton Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ne a jikin naira biyar, takardar da yau ko mai sayar da ruwan leda a kasuwar Wunti sai ya yamutsa fuska kafin ya karɓa. Yawancinmu a Bauchi mun san shi da Firayim Minista na farko, mai zaƙin murya, wanda sojoji suka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne faɗan da ya fara yi a siyasa, wato a kan mulkin En'e, hukumar gargajiya da sarki ke shugabanta.

Malamin makaranta ne. Ya fito Kwalejin Katsina a 1933, ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta. A shekarun Yaƙin Duniya na Biyu garin ya cika da masu kaifin baki: ga Sa'adu Zungur, ga Malam Aminu Kano yana koyarwa a makarantar. Sukan zauna a tattauna yadda ake mulkin jama'a, kuma zaman bai yi wa fada daɗi ba. A lokacin, ɗan doka na sarki ne, gidan yari nasa, kotun alƙali tasa, haraji da jangali ta hannunsa suke bi. Talaka kuwa nasa "ranka ya daɗe" ne kawai.

A watan Agustan 1950 Malam Abubakar ya miƙe a Majalisar Arewa a Kaduna, ya kawo ƙudurin a sake fasalin En'e, a ba jama'a bakin magana, a magance cin hanci da danniya. Ba ƙaramar kasada ba ce ga ma'aikacin da albashinsa daga En'en yake fitowa. Amma bai ce a rushe sarauta ba. Gyara yake nema, sannu a hankali. Nan hanyarsa ta rabu da ta abokansa. A watan nan ne aka kafa jam'iyyar NEPU ta 'yan sawaba a Kano, shi kuwa ya zauna a jam'iyyar NPC, daga baya ya zama mataimakin Sardauna a jam'iyyar. 'Yan sawaba suna ganin ya sassauta da yawa, kuma a ganina ƙorafinsu yana da tushe, don har ya zama Firayim Minista a 1957 ana ɗaure 'yan adawa a kotunan En'e.

Gyaran ya zo a gutsure. Cikin shekarun 1950 aka wajabta wa sarki yin shawara da majalisarsa. Bayan rasuwar Malam Abubakar sojoji suka karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna, a 1976 kuma aka kafa ƙananan hukumomi bai ɗaya a faɗin ƙasa. Sai ikon ya koma hannun gwamnoni ta asusun haɗin gwiwa da shugabannin riƙo, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Jihar Bauchi tana da guda 20, kuma ɗaya daga ciki, a kudancin jihar, ita ce Tafawa Ɓalewa, garin da ya samo sunansa.