Tambaya da amsa: wace irin makaranta ya kamata gari ya gina bayan ambaliya ko rikici?

Ba aji uku da rufin kwano ake nufi ba? Meye sabo a ciki?

A'a, abin ya wuce nan. Lokacin da madatsar ruwan Alau ta ɓalle a watan Satumba 2024 ruwa ya shanye unguwannin Maiduguri, makarantu na cikin wuraren da mutane suka gudu suka fake, da tsofaffi da masu jego da yara duk a aji ɗaya. Toh kaga ashe makarantar gari ba wurin karatu kaɗai bace, da safe yara, da yamma mata masu yaƙi da jahilci ko koyon ɗinki, ran da masifa ta zo kuma ita ce mafaka. Tun a zane ya kamata a yi wannan lissafin, a ɗora ta kan tudu ba cikin fadama ba, a sa banɗaki na mata daban na maza daban, da tankin ruwa da sola.

Da me za a gina, bulon siminti ko ƙasa?

Ni dai ƙasa nake goyon baya, kuma ina da dalili. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, Francis Kéré, ɗan garin da a lokacin yake karatun zanen gini a Jamus, ya dawo ya gina firamare mai aji uku a 2001 da tubalin laka da aka garwaya da siminti kaɗan aka matse. Mutanen garin ne suka tara duwatsun tushe, mata suka ɗebo ruwa. Ginin ya ci kyautar zanen gini ta Aga Khan a 2004, shi kuma Kéré ya samu kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya, a 2022, ɗan Afirka na farko da ya same ta. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye zafin rana a hankali, sai dare take sakinsa, shi yasa ɗakin soro yake da sanyi da azahar alhali ajin bulo mai kwano ba silin a watan Afrilu yaro ko zama baya iyawa balle ya fahimci lissafi.

A Gando ma akwai kwano fa, amma an ɗaga shi sama da ƙarafa, a ƙarƙashinsa aka yi silin na tubali mai 'yan ƙofofi, iska mai zafi ta hau ta fice ta tsakani, mai sanyi ta shigo ta taga. Ba fanka ba janareto.

Amma ai ginin ƙasa ne yake fara faɗuwa da damina?

Gaskiya ne, wanda duk ya ga katanga ta jiƙa ta zube a watan Agusta ba zai musa ba. Sai dai in ka duba ta ina ruwan ya ci ta, ko dai ta gindi inda ya kwanta, ko ta sama inda indararo ya toshe. Don haka a yi tushe da dutse da kankare a ɗaga shi sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, kuma dattawan unguwa sun san wannan wurin, za su nuna maka shatar a jikin bishiya ko tsohon bango. Rufi kuma ya zarce katanga sosai kamar malafa a kan manomi. A kula da bangon gabas musamman, tunda daga can hadari ke tasowa da iska, a kuma juya ginin yadda dogayen bangaye masu tagogi za su kalli kudu da arewa don kada ranar hantsi da ta la'asar ta dinga dukan yara.

An taɓa yin irin wannan a ƙasar Hausa?

An yi, a Dandaji cikin jihar Tawa a Nijar. Tsohon masallacin Juma'ar garin na ƙasa ya lalace har ana maganar rushewa, sai mai zanen gini Mariam Kamara 'yar Nijar da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka ce a gyara shi a mayar da shi ɗakin karatu, a gina sabon masallaci a gefensa da tubalin jar ƙasa. An gama a 2018, sunan wurin Hikma. Abin da ya fi burge ni wallahi shine an kira maginan gargajiya da suka san ginin tun asali suka yi gyaran, kuma yanzu mai zuwa salla ta gaban laburare yake wucewa, mata da yara sun samu wurin zama su yi karatu a tsakiyar gari.

A Borno ma da aka sake gina garin Ngarannam bayan Boko Haram sun tarwatsa shi, mai zanen gini Tosin Oshinowo ta zauna da mutanen kafin ta zana, har zaure aka sa wa gidajen, aka buɗe garin a 2022 da firamarensa da kasuwarsa.

In an gama an yanka kyalle, wa zai kula da shi?

Wannan tambayar tun kafin a haƙa tushe ake amsa ta. Makarantar Makoko da ke yawo kan ruwa a Legas, wadda aka ɗora kan gangunan roba a 2013, duniya ta yaba mata, amma gyara ya gagara, ta rushe a watan Yuni 2016 bayan ruwan sama mai ƙarfi, Allah ya taimaka an riga an kwashe yaran. Shi yasa nake cewa ɗan kwangila ya ɗauki samarin garin aiki su koyi buga tubalin da hannunsu, a bar musu injin matsewar, a fitar da kwamiti da maza da mata mai ɗan asusu, duk shekara kafin ruwan farko a hau rufi a share indararo a toshe tsaga a sabunta yaɓen bangon gabas.