Gidan hayar na'urori: ina saƙonka ke bi kafin alat ya shigo?

Wane irin gini ne banki da kamfanin waya ke kama haya a cikinsa?

Gini ne da aka keɓe wa manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanai, waɗanda masu sana'ar ke kira saba. Kamfani zai sayi na'urarsa, ya kai ta can, ya kama kanta ɗaya ko keji guda mai makulli. Wuta, sanyi, masu gadi da hanyar intanet duk na mai gini ne. Kamar ɗan kasuwar albasa ne da ya kama wuri a rumbun wani: kayan nasa ne, rufi da tsaro na mai rumbu.

Me zai hana banki ya ajiye na'urorinsa a ofishinsa?

Wuta. Duk wanda ya riƙe shago a Sakkwato ya san abin da janareta ke ci. Ita kuwa saba ba ta jure ko ƙiftawar ido babu wuta, don haka ana jera batura su riƙe ta na ɗan lokaci kafin janareta ya tashi, kuma kowane janareta na da mataimaki. Irin wannan cibiya da ke mataki na uku a ma'aunin Uptime Institute, hukumar da ke auna ingancin irin waɗannan gine-gine, ana sa ran tsayawarta ba za ta wuce kimanin awa ɗaya da rabi a shekara ba. Kamfani ɗaya ya ɗauki wannan nauyi, ya sha wuya. Kamfanoni hamsin su raba, ya yi sauƙi.

To ina ruwan kamfanonin waya?

Nan ne gizo ke saƙar. A cikin ginin akwai ɗakin da wayoyin faiba, masu ɗaukar saƙon intanet, na kamfanoni daban-daban ke haɗuwa. MTN, Airtel, bankuna da masu sayar da intanet suna iya jona juna da 'yar gajeriyar waya. Akwai kuma IXPN, mahaɗar intanet ta Najeriya, wadda ke sa saƙon da ya tashi daga wannan kamfani zuwa wancan ya tsaya cikin ƙasa. A da, irin wannan saƙo kan je Turai ya dawo. Idan mai POS a Babbar Kasuwar Sakkwato ya danna katinka, sau da yawa sai saƙon ya je irin wannan gini a Legas ya dawo kafin rasit ya fito.

Me ya sa manyan cibiyoyin suka taru a Legas?

Can wayoyin ƙarƙashin teku suka fi sauka: MainOne da Glo-1 a 2010, Equiano na Google a 2022. Cibiyar Rack Centre tana Ikeja, cibiyar MDXi ta kamfanin MainOne tana Lekki, kuma kamfanin Equinix na Amurka ya saye MainOne a 2022 kan dala miliyan 320. Da wayoyi huɗu suka tsinke a teku ranar 14 ga Maris 2024, har nan arewa an ga yadda tura kuɗi ya gagara.

Zafin Sakkwato zai bar irin wannan gini ya rayu?

Na'urorin sun fi son ɗaki mai digiri 18 zuwa 27, mu kuwa a Afrilu muna haura 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska. Kuɗin sanyaya zai yi yawa, amma a ganina babban cikas shi ne faiba: sai an samu hanyoyi aƙalla biyu mabambanta, don idan masu aikin titi suka datse ɗaya, ɗayar ta riƙe. Kano ta riga ta samu irin wannan cibiya ta Galaxy Backbone, kamfanin gwamnatin tarayya, da reshen IXPN.