Auratayya tsakanin Yahudawa da waɗanda ba Yahudawa ba

Auren Bayahude da wanda ba Bayahude ba daɗaɗɗen batu ne a addinin Yahudanci. Attaura ta hana Banu Isra'ila ƙulla aure da al'ummomin Kan'ana, malaman Yahudawa kuma suka faɗaɗa hanin har ya shafi duk wanda ba ya cikin addinin. A shari'arsu, wadda suke kira halaka, irin wannan aure bai ɗauru ba.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne kan 'ya'ya. Tun zamanin Mishna, littafin da ya tattara hukunce-hukuncen malamansu, wajen shekara ta 200 Miladiyya, hukuncin shi ne ɗa yana bin uwa. Idan uwa Bayahudiya ce, ɗanta Bayahude ne ko wane ne ubansa. Idan kuwa uban ne kaɗai Bayahude, sai ɗan ya shiga addinin kamar baƙo. A Musulunci nasaba ta wajen uba take, don haka ɗan da Musulmi ya haifa da Bayahudiya kowane ɓangare na ɗaukarsa nasa.

A 1983 malaman ɓangaren Rifom na Amurka, masu sassauci a addinin, suka yanke cewa ɗan da ɗaya daga iyayensa Bayahude ne, uwa ko uba, ana ƙirga shi Bayahude muddin an rene shi a kan addinin. 'Yan Otodoks, masu tsananin riƙo da halaka, da 'yan Konsabatib, masu matsakaicin ra'ayi, ba su yarda ba. Daga nan aka sami yaran da suka tashi suna zuwa majami'a, suna kiyaye Asabar, sai ranar da suka tashi aure a wata majami'ar a ce musu su ba Yahudawa ba ne. Wannan ba ƙaramin ciwo ba ne ga wanda bai san wani addini ba tun yana goye.

A Amurka abin ya zama ruwan dare. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kashi 61 cikin ɗari na Yahudawan da suka yi aure daga 2010 sun auri waɗanda ba Yahudawa ba, kuma in an cire 'yan Otodoks adadin ya kai 72. A gidajen da iyaye biyu Yahudawa ne, kashi 93 na renon 'ya'yansu kan addinin. A gidajen da aka gauraya, kashi 28 ne kawai. Sai dai a cikin 'ya'yan irin wannan aure, matasa sun fi dattawa riƙe sunan Bayahude nesa ba kusa ba.

A Isra'ila kuwa, gyaran da aka yi a 1970 wa Dokar Komowa, wadda ta ba kowane Bayahude damar komawa ƙasar da zama, ya ba ɗa da jikan Bayahude damar zama ɗan ƙasa. Amma auren Yahudawa yana hannun majalisar manyan malamai, wadda ke bin hukuncin uwa, kuma babu auren kotu a ƙasar. Dubban ɗaruruwan da suka zo daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet, waɗanda uwayensu ba Yahudawa ba ne, suna aikin soja, suna biyan haraji, amma ba a ɗaura musu aure a gida. Da yawa sukan tsallaka tsibirin Saifurus su ɗauro, su dawo gwamnati ta yi musu rajista.