Shin babban farin kifin shark farautar mutane yake yi a bakin teku?

Mu nan Garwa ba mu da teku, sai kogin Binuwai, amma an daɗe ana cewa da zarar wannan kifi ya matso gaɓa, mutum ya zo ci. Ban ga laifin mai faɗin haka ba, abin da fina-finai suka nuna mana ke nan.

Gaskiya yana matsowa, har fiye da yadda ake zato. A gaɓar Kaliforniya ta Amurka, jirage marasa matuƙa sun sha ɗaukar hoton ƙananansa suna iyo kusa da masu wanka, su kuwa ba su ma sani ba. Ƙananan shark ɗin ruwa marar zurfi mai ɗumi suke bi, inda ƙananan kifaye suke. Mutum ba abincinsu ba ne. A duk duniya, waɗanda kowane irin shark ke kashewa a shekara wajen mutum 10 ne kawai. Dorinar da masuntanmu ke kauce wa ta fi shi kisa nesa ba kusa ba.

In an turo maka bidiyon shark a bakin teku, tambayi a ina aka ɗauka, yaushe, kuma mutum nawa suka shiga ruwan suka fito lafiya. Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.