Tambayoyin da kuka ishe ni da su kan tsofaffin hotuna

Na fi shekara talatin ina sana'ar hoto a Argungu, kullum tambayoyin nan ne dai. Ga amsa, ku bar ni in huta.

Yaushe hoto ya shigo Najeriya?

A ƙarni na 19, ta bakin teku, bayan an bayyana fasahar a Faransa a 1839.

Turawa kaɗai ke ɗauka a lokacin?

A'a. Jonathan Adagogo Green, baƙar fata mutumin Bonny ta jihar Ribas, shi ya ɗauki hoton Oba Ovonramwen, sarkin Benin, a cikin jirgin ruwa a 1897, bayan Turawan Ingila sun tuɓe shi. Sau nawa zan faɗa?

Hoton kakana ya manne da gilashin firam. In ɓamɓare shi?

Kul! Fuskar ce za ta zauna a jikin gilashin, ka tashi da farar takarda a hannu. Danshin damina ne ya narkar da saman hoton ya like shi. Fara ɗaukarsa da waya yadda yake, a inuwa, ba filasha, ka ɗan karkata don kada gilashin ya yi walƙiya. Daga nan kuma ya danganta. In baƙi da fari ne na asali wanda aka wanke a ɗakin duhu, wani lokaci jiƙa shi a ruwa mai tsabta yakan sa ya saki a hankali. Na ce wani lokaci, don na taɓa ɓata ɗaya da hannuna, har yau ina jin kunyar mai shi. In akwai rubutun biro a bayansa, ko fenti da aka yi da hannu, ko ya fara funfuna, kada ruwa ya taɓa shi. Ni a ganina ka bar shi da gilashinsa, tunda ba ciwo yake ji ba. Kwantar da hankalinka.

An turo mini hoton kamun kifi, wai na 1934 ne.

A 1934 ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu aka yi masa bikin kamun kifi, wannan gaskiya ne. Amma hoto mai kala garau, ga wani sanye da rigar ƙwallo? Haba, Hajiya.

A sa wa baƙi da fari kala?

Waya za ta yi maka, sai dai cinke take yi. Ina ta san launin babbar rigar kakanka?

A ina zan ajiye su?

Ba ƙarƙashin katifa ba, ba jikin bangon da ke tsatsafa ba. Akwatin ƙarfe, a sama, nesa da gara. Kuma ka rubuta sunan mutumin a baya da fensir tun tsohuwar da ta san shi tana raye.